Kakan da Ya Ƙi Shiga Sama ta Taga

Duk wanda ya taɓa zama a bencin baya na majami'armu ranar jibin Ubangiji ya san kakana, ko da bai san sana'arsa ba. Shi ne tsohon nan mai faffaɗan hannu da in faranti ya iso gabansa ɗauke da gutsattsarin gurasa, yakan karɓa da hannu biyu cikin ladabi, ya miƙa wa na kusa da shi ba tare da ya ɗauki komai ba. Haka yake yi in 'yan kofunan ruwan inabi suka zo. Tun ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa a bencin nake ganin wannan, har na girma na yi aure na haihu. Bai taɓa fashin sujada ba, bai kuma taɓa ci ba.

Bakin mutane kuwa bai huta ba. Wasu suka ce ya yi zunubin da ba ya faɗuwa, wasu suka ce mace ya ajiye a ɓoye. Wannan ta biyun ta fi ba shi dariya.

"Ina ni ina wata mace," in ji shi, "ga amaryata nan ta hana ni sakat."

Ni ce amaryar. Haka yake kirana tun ina zanen goyo, ni kuma ina ce masa tsohon miji, in yi masa barazanar zan sake shi in auri mai haƙora. A hannunsa na tashi, a ɗakin da ke bayan shagonsa, inda komai ke warin man keke, har da matashin kai.

Gyaran keken ɗinki yake yi. Shagon ƙarami ne, kekuna jere kan kanta kowanne da ƙyallen da aka ɗaura masa don a gane mai shi, ga gwangwanayen madara cike da kusoshi da allurai da tsofaffin bel. Yana da wata ɗabi'a da take ƙular da teloli masu sauri. In ya gama gyara, ba ya barin mutum ya ɗauki kekensa sai ya ɗinka layi a kan ƙyalle, ya juya bayan ƙyallen ya sa shi ya duba. Ya ce kowane lalataccen keke yana iya fitar da ɗinki mai kyau ta sama, a ƙasa ne zare ke cukurkuɗewa. Tela na tsaye yana duba agogo, Kaka na juya ƙyalle. In zaren ƙasa bai kwanta ba, sai ya sake kwance keken, ko mai shi zai yi kuka.

Abin da ya hana shi cin jibi ba ɓoyayye ba ne, mutane ne suka fi son ƙagaggen labari. Uwata 'yarsa ce. Ubana ya riga ta rasuwa, ita kuma ta bi shi ina shan nono. Ƙanen Kaka ne ya ɗauko ta daga wurin aiki a motarsa, ya sha ya yi tatul, ya je ya rungumi gindin gada. Ita ta mutu nan take, shi ya fita da karayar hannu. Kaka da kansa ya sunkuya a kan gadon asibiti ya ji warin giya a bakin ƙanensa.

Bayan ya warke, ƙanen ya tuba. Gaskiya ɗaya zan faɗa masa: bai ƙara sha ba. Amma ranar da ya tsaya gaban jama'a ya ba da shaida, ba a ji kalmar giya ba. Cewa ya yi Shaiɗan ne ya fizge sitiyari daga hannunsa, Allah kuma ya ɗauki 'yar yayansa ya bar shi da rai domin ya yi shelar ikonsa. Aka yi tafi, mata suka yi kuka. Labarin ya karɓu, aka riƙa gayyatarsa majami'u na kusa da na nesa, har sunansa ya ɓace aka koma kiransa Mai Shaida. Na ji wannan shaida ba adadi. Na san inda muryarsa ke rawa, na san inda yake ciro hankici, na san inda yake ɗaga hannun da ya karye. Uwata kuwa ta zama layi ɗaya a tsakiyar labarin, kafin a kai wurin tafi. Na tsani labarin nan tun kafin in gane dalili.

Kaka bai taɓa tona shi ba. Suna gaisawa, suna haɗuwa a biki da makoki. Faranti kawai yake miƙawa gaba. Na taɓa tambayarsa ko fushi yake da Allah.

"Wane ni?" ya ce. "Teburinsa ne. Masu zaman lafiya da 'yan'uwansu ake kira, ni kuwa ba na zaman lafiya da nawa. In na sa hannu na ɗauka, na ce wa Yesu komai lafiya ke nan. Mutum ya yi wa fasto ƙarya ma da sauƙi."

"To ka yafe mana, tsohon miji."

"Kullum sai na gwada, amarya. Ina farawa, sai in ji warin nan a hancina."

Haka aka yi ta tafiya har tsufa ya kama shi da gaske. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi masa gardama, likita ya ce zuciya ce ta gaji, a kai shi gida a kula da shi. Muka kwantar da shi a ɗakin bayan shago, domin ya rantse ba zai mutu a gidan kowa ba. Ni ke jinyarsa da rana, Kawu da matarsa suna karɓata.

Kawu ɗansa ne, yayan uwata, dattijo ne kuma a ikilisiya. Kada a ɗauka mugu ne. Yana son ubansa, kuma tsoro ne ya kama shi har ya rame: tsohon zai mutu da ƙulli a zuciya, ya rasa rai madawwami. Sai dai Kawu irin mutanen nan ne da suka ɗauka kowace ƙofa tana da maigadin da ake lallaɓawa. Ya saba shirya abubuwa, ya shirya aure, ya shirya sulhu, ya shirya wa yara gurbin makaranta. Sai ya ɗaura ɗamarar shirya wa ubansa shiga sama.

Da lallami ya fara. Ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun tsohon.

"Baba, ba wani abu mai wuya ba ne. Ku ce kun yafe, da baki kawai. Zuciya za ta biyo baya."

"In ba ta biyo ba fa?"

"Allah mai jinƙai ne, zai karɓa."

"Zai karɓi me? Abin da ban ba shi ba?" Kaka ya zare hannunsa. "Kai dattijo ne ko dillali?"

Kawu ya tashi ransa a ɓace. Da ya ga baki bai ci ba, sai ya koma dabara, kuma dabarar da ya yi har yau in na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Ranar wata Lahadi da aka yi jibi, shi ke cikin masu kwashe kayan tebur. Ya ɗebo ragowar gurasa a hankici, ya zuba ragowar ruwan inabi a kwalbar magani, ya kawo wa matarsa. Ita kuma baiwar Allah ta marmasa gurasar cikin shayin tsohon, ta zuba ruwan inabin a murfin maganin tari ta kawo masa a matsayin sabon magani. Lissafinsu shi ne, in dai ya shiga ciki, ya shiga.

Ina zaune ina ninke wanki, ban san komai ba. Kaka ya kai murfin bakinsa, ya tsaya, ya sansana. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana miƙa wannan abu a ƙarƙashin hancinsa za a ɓoye wa ƙanshinsa? Ya dubi matar Kawu, ita kuma ta dubi ƙasa.

"'Yata, wane likita ne ya rubuta wannan?"

Kawu da ke laɓe a bakin ƙofa ya shigo yana kame-kame.

"Baba, don ceton ranku muka yi."

Ban taɓa ganin Kaka ya yi fushi irin na ranar ba. Ya yunƙura ya zauna da kansa, abin da ya kwana biyu bai iya ba. Ya ajiye murfin a kan kujera a hankali don kada ya zube, domin ko a cikin fushi bai raina abin ba.

"Wato ta taga za ku shigar da ni, kamar ɓarawo? In na tsaya gabansa ya tambaye ni yadda na shigo, in ce ɗana ne ya zuba mini a maganin tari? Shekarun da na yi ina jin yunwar teburin nan, kana tsammani rashin wayo ne ya hana ni ɗauka? Ɗauki abin nan ka mayar inda ka samo shi, ka kuma gaya wa fasto abin da ka yi. In ba ka gaya masa ba ni zan gaya masa."

Shayin ma bai sha ba. Ni ce na haɗa masa wani, yana kallon hannuna tun daga tafasa ruwa har zuba sukari.

"Ke ma ban yarda da ke ba," ya ce. "Amaryar zamani."

Na ɗauka Kawu ya haƙura. Ashe ya tafi ne ya ɗauko babbar dabara. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, sai ga shi da Mai Shaida, tsoho shi ma yanzu, cikin farar riga mai guga, da hankicinsa a aljihu. A bayansu ga surukin Mai Shaida ya ɗaga waya yana ɗauka tun daga bakin shago. Za a yi sulhu, za a nuna wa ikilisiya, shaida kuma ta sami sabon babi.

Mai Shaida ya durƙusa a gaban gado. Muryar nan ta fara rawa daidai inda ta saba.

"Yaya, Shaiɗan ya daɗe yana shiga tsakaninmu. Mu yafe wa juna, mu kunyata shi."

"Juna," in ji Kaka. Ya juya wurin mai waya. "Kai, kashe abin nan ka fita. Kai ma dattijo, fita. Amarya ta zauna, maganar uwarta ce."

Suka fita suna waige.

"To, ga mu. Ba mai tafi. Ba sai ka durƙusa ba, gwiwarka ba ta da lafiya. Abu ɗaya nake so, ka faɗi abin da ya faru ranar nan. Ka faɗa yadda ya faru."

"Yaya, ai kowa ya sani. Shaiɗan ne ya..."

"Na sunkuya a kanka a asibiti."

Mutumin da ke riƙe taro guda da harshensa ya rasa kalma ɗaya a gaban mutum biyu. Ya ciro hankici, ya dube shi, ya mayar aljihu. Can ya dafa gado ya miƙe, ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita. Na so in bi shi da zagi har titi, Kaka ya riƙe mini zane.

Kawu ya dawo yana huci, ya ce an kawo wa Baba dama har gado ya yi fatali da ita, ya ce taurin kai ne zai kai shi wuta. Ya faɗa yana kuka, shi ya sa ban rama ba.

Washegari Kaka ya ce in kira masa fasto. Faston namu matashi ne, ba shi da yawan magana, kuma ya riga ya ji labarin maganin tari. Ya zo hannu wofi, ya zauna a kan akwatin kayan aiki.

"Fasto, tafiya ta zo," in ji Kaka. "An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa tawa gorar ban gama fafe ta ba. Ban yafe wa ƙanena ba. Ina so in yafe, Allah ya sani, amma so ba yi ba ne. Kada ka lallashe ni. Me zan yi?"

Fasto ya matso kusa da gado. Sannan ya ce, "Baba, ni ba ni da mabuɗin ƙofar nan, dattijo ma ba shi da shi. Wanda ke da shi ya mutu ne saboda abin da muka kasa. Abin da kuka gaya mini yanzu, kun taɓa gaya masa haka ɗin, ba gyara?"

"Kullum ce masa nake ya ba ni lokaci."

"To lokaci ya ƙare. Ku gaya masa."

Kaka bai rufe ido ba. Ya dubi rufin ɗaki ya yi magana kamar yadda yake yi wa mai keke bayanin abin da ya gagara.

"Yesu, ka san ni. Na yi iya yina, abin nan ya fi ƙarfina. Ban yafe masa ba, ba zan kuma ce maka na yafe ba. Ga shi nan na kawo maka yadda yake. Kada ka kama yaron nan da laifin saboda ni, ka yi masa jinƙai, ƙanena ne. Ni kuma in akwai wuri ga irina, ka karɓe ni. In ka karɓe ni, alherinka ne, ba wayona ba."

Fasto ya ce amin. Ni na kasa. Ya tambaye shi ko a kawo masa jibi yanzu, Kaka ya girgiza kai, ya ce ya bari sai ya ji daga bakin Mai teburin. Ya rasu bayan kwana kaɗan, da rana tsaka, ina shafa masa mai a ƙafa.

Ranar jana'iza majami'a ta cika, teloli kaɗai sun ci benci da yawa. Kawu ya tashi yin magana a madadin iyali. Ya yi kyau da farko. Sai na ji ya ce, don a kwantar da hankalin jama'a, Baba ya yafe wa kowa kafin ya cika, ya sulhunta da ƙanensa, ya tafi da zuciya fara. Aka fara cewa amin. Mai Shaida na bencin gaba yana gyaɗa kai.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Mijina ya ja mini hannu, na fizge.

"Kawu, ku yi haƙuri, ba haka aka yi ba. Ina wurin. Bai yafe ba. Ya ce ya kasa, ya kai wa Yesu abin yadda yake, ya roƙa wa ƙanensa jinƙai. Mutumin nan ya ƙi yin ƙarya don ya shiga sama, ba za a yi masa ita a kan akwatinsa ba."

Wata tsohuwa ta ce a zaunar da yarinyar nan. Kawu ya dubi fasto yana neman ceto, fasto ya ce, "Abin da ta faɗa shi ne abin da na ji." Aka ta da waƙa don a rufe zancen. Dangi sun yi wata guda ba sa amsa gaisuwata, ban kuma bi kowa da ban haƙuri ba.

Ko Kaka ya shiga? Ni ba ni ke riƙe da ƙofa ba. Abin da na sani, ya tafi wurin wanda ya dogara da shi da fuskarsa ta gaskiya, kuma in za a tambaye ni, na fi yarda da wannan tafiya da duk shirye-shiryen Kawu.

Bayan makoki na koma shagon ina kiran teloli su zo su kwashe kekunansu. Wata safiya ina tsugune ina ware kusoshi, inuwa ta rufe ƙofa. Mai Shaida ne, shi kaɗai, rigarsa ba guga. Ya tsaya bai shigo ba, bai kuma yi gaisuwa ba.

"Na sha ne ranar nan," ya ce. Muryar ba ta yi rawa ba, a bushe ta fito. "Ta ce in bari ta hau motar haya. Na yi mata tsawa na ce ta shiga. Ni na kashe uwarki."

Na daɗe ina jiran wannan magana a madadin Kaka, ban taɓa tunanin ni za a kawo wa ba. Da na ce masa ba komai, ya wuce, da ya tafi da sauƙi, ni ma na huta. Amma jikar wa nake?

"Na ji," na ce. "Ban yafe ba tukuna."

Ya gyaɗa kai, ya juya zai tafi.

"Ban ce ka tafi ba, ƙaramin Kaka. Shigo ka zauna. Ban san ta ba, kai ka san ta. Fara gaya mini yadda take."